Fasinjan Juma'a

Kowace Juma'a, da an sauko daga masallaci,
nakan tsaya da napep ɗina a bakin wani lungu a Gyallesu,
in danna oda sau biyu.
Sai Nazifi ya fito, ɗan shekara takwas,
jaka a baya, leda a hannu.
Uwarsa ba ta fitowa, sai dai muryarta ta bayan labule:
"Direba, a bi mini a hankali."

Kuɗin zuwa ita ke biya,
na dawowa ran Lahadi, uban.
An raba komai daidai wa daida,
yaron ne kaɗai ya ƙi rabuwa.

Buroshinsa biyu, silifas biyu, katifa biyu,
amma littafin lissafi ɗaya ne,
kuma kullum yana ɗaya gidan.
Ya nuna mini tafin hannunsa a Tudun Wada,
sawun bulalar malami bai gama bajewa ba.

Ta madubi nake ganin leɓɓansa suna motsi.
Da na ɗauka hadda yake yi,
ashe saƙo yake gyarawa.
An ce masa, "Ka gaya wa ubanka,
in ya manta yana da ɗa, makaranta ba ta manta ba."
Shi kuwa yana ta tsince maganar
kamar mai cire ƙaya daga kifi,
kafin mu kai Samaru ta koma,
"Baba, Umma na gaishe ka, wai kuɗin makaranta."

Ran nan muna hawa gadar Kubanni ya taɓa kafaɗata:
"Baba direba, ina ne tsakiyar hanya?"
Na ce, to, kamar wajen PZ.
Ya ce, "Mu ɗan tsaya a can."
Na faka kusa da mai rake, na yankar masa gaɓa biyu.
Ya zauna yana tsotsa, yana kaɗa ƙafa,
yana ƙirga tirelolin da suka nufi Kwangila.
Ban taɓa jin dariyarsa ba sai ranar.
Ya ce, "Nan ba wanda zai tambaye ni
me aka dafa a can, wa ya zo, me aka ce."

Ni ban ce su koma ba.
Mai shagon bakin lungu ya ba ni labari:
lokacin da suke tare, kwanuka ke tashi sama,
yaron a ƙarƙashin gado yake cin tuwonsa.
Wani rufin, in ya tsaya, kan mutane zai faɗo.
Amma ko an raba gari,
ai bai kamata a mai da yaro gada ba,
kowa ya bi ta kansa da takalmi.

A Samaru uban na jira a ƙofa, da murmushi da biskit.
Yana son ɗansa, wallahi, na gani a idonsa.
Ita ma tana so.
So biyu ne da ba sa gaisawa,
yaro na tsaye a tsakani yana tafinta.

Daren nan na koma gida Kwarbai a gajiye.
Ladidi ta tare ni da zancen bashin mai gero,
ni kuma tun safe da magana a bakina,
mai kaifi, na wasa ta sosai.
Sai na hangi Rumasa'u a kan tabarma,
fensir a hannu, ta daina rubutu,
idonta na zuwa kaina, yana komawa kan uwarta.

Na nemi buta.
Na daɗe a tsakar gida ina wanke ƙafar da ba ta da datti.

Jibi Lahadi.
In tuna in riƙe canjin rake.